Daga Finjali Zuwa Jijiya: Ina Koren Shayi Yake Zuwa In An Sha Shi?

[Bidiyon da ke yawo: kofin gilashi, daskararren kitse, ana tsiyaya masa shayi]

Assalamu alaikum, jama'a. Na san da yawanku kun ci karo da wannan bidiyon. Ni dai a mako guda sau shida aka turo min shi a WhatsApp, na ƙarshen daga wajen Goggona, har da saƙon murya: "Ɗan nan, duba min wannan, da gaske ne?"

Ga kitse ya daskare a kofi. An zuba masa koren shayi mai zafi, ya narke, ya taso sama. Sai mai maganar ya ce haka shayin yake wanke jijiyoyin jini, duk wanda ya juri shan kofi uku a rana ya yi sallama da hawan jini da ciwon zuciya.

To, Goggo, ga namu gwajin.

[Kofi biyu a jere, kowanne da kitse]

Na dama koren shayi, na hagu ruwan zafi zalla. Ku zuba ido.

Duk sun narke. Aikin zafi ne, da kunu aka zuba ma haka za a gani.

Amma kada wannan ya sa ku watsar da koren shayi, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Masana sun shafe shekaru suna bincike a kansa kuma sun ga alamu masu ƙarfafa gwiwa. Wuri ɗaya ne mutane suke ɓata hanya, shi ne tsakanin maƙogwaro da jijiya. A nan za mu daɗe. Sauran za mu bi ta kansu da sauri.

[Gonar shayi, hannu yana tsinkar ganye]

Koren shayi da baƙin shayin da mai shayi ke haɗa mana da madara duk ganyen bishiya ɗaya ne. Bambancin yana wajen sarrafawa. Na baƙin ana murza shi a bar iska ta ratsa shi har ya rine, kamar yadda goro yake sauya launi in an ɓare shi an ajiye. Na koren kuwa da an tsinke ake ba shi zafi, a Japan da tururi, a Sin galibi a kasko, sai wannan rinewar ta tsaya. Shi ya sa wasu sinadarai da ake kira katekin suke zama a cikinsa da yawa. Mafi yawa a cikinsu kuma mafi shahara shi ne EGCG. Wannan baurin da kake ji yana kama maka harshe, su ne.

[Buta a kan gawayi, ana ɗaga hannu ana tsiyaya, kumfa tana tashi]

Kuma ba baƙo ba ne a wajenmu. Atayar da ake dafawa a fada a Agadas da Damagaram da Tawa, da majalisun samari a Sakkwato da Katsina da Kano, koren shayi ce, yawancinta daga ƙasar Sin. Za mu dawo kanta, don ina da magana da masu ataya.

[Taswirar Japan, a matso da arewa maso gabas]

Daga ina labarin zuciya ya samo asali? Babban abin da ake kafa hujja da shi bincike ne da aka yi a yankin Ohsaki na lardin Miyagi a Japan, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2006. Mutum 40,530 aka bibiya, masu shekara 40 zuwa 79. Aka ga cewa matan da ke shan kofi 5 ko fiye a rana, mutuwarsu ta dalilin ciwon zuciya da jijiyoyin jini ta yi ƙasa da kashi 31 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda ba sa cika kofi ɗaya. A maza kashi 22 ne. Kofin nasu ƙarami ne, kusan mililita 100, wato kofi biyar rabin lita ke nan, kuma ba sa sa sukari.

Sakamako ne mai kyau. Sai dai irin wannan bincike kallo ne kawai ake yi, ba a raba wa mutane shayin ba. Mai shan shayi da yawa a ƙauyen Japan yana iya kasancewa mai cin kifi da ganye da waken suya. Masu binciken sun yi ƙoƙarin tace waɗannan da lissafi, amma ba a iya tace komai.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar.

[Zane: jijiya an tsaga ta gida biyu]

Yawancinmu muna ɗaukar jijiya tamkar kwata ce ko bututun famfo, kitse ya taru a ciki ya toshe, in an kora masa ruwa mai ƙarfi sai ya wuce. Ku dubi zanen nan da kyau. Inda jini ke gudu shi ne tsakiya. Kitsen da ke jawo matsala ba a nan yake kwance ba. Yana cikin bangon jijiyar kanta.

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san yadda danshi yake shiga ƙarƙashin yaɓe, bango ya kumburo daga ciki. Ko ka share ɗakin sau goma, kumburin yana nan, domin tsintsiya ba ta kai wajensa. To haka abin yake. Kowace jijiya tana da wani siririn shafi daga ciki, kamar shafin babbar riga, kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya tak. Likitoci suna kiransa endoteliyam. Idan hawan jini ko hayaƙin taba ko yawan sukari a jini suka raunana wannan shafi, sai nau'in kwalastaral da ake kira LDL ya riƙa sulalewa ta ƙarƙashinsa yana maƙalewa. A can sai ya lalace, fararen ƙwayoyin jini su biyo shi su haɗiye, su cika su mutu a wurin, jiki ya lulluɓe tarin da wata fata mai tauri. Shekara goma, ashirin, talatin ana wannan ginin, mutum bai ji komai ba. Ranar da fatar ta tsage, jini ya daskare a kai, hanya ta rufe. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka ko da a ce shayi yana gudu cikin jijiya kamar yadda yake a buta, ba zai taɓa wannan tarin ba. Babu wani gwaji a kan mutane da ya nuna koren shayi ya narkar da shi.

Balle ma ba ya gudu a cikinta.

[Zane: kurɓa ɗaya tana gangarawa daga baki zuwa ciki]

Mu bi kurɓa ɗaya. Ta wuce maƙogwaro, ta sauka a tumbi, ta shiga ƙaramin hanji. Kafin ta kai nan zafin ya tafi, ta koma ɗumin jiki. A ƙaramin hanji ne ake tantance abin da zai shiga jini, kuma EGCG ba ya samun sauƙin wucewa. Wani ya lalace a ruwan hanji tun kafin ya isa ƙofa. Wani ya shiga ƙwayoyin bangon hanjin, su kuma su sake turo shi waje. Ɗan abin da ya tsallaka sai ya bi ta hanta, ita kuma ta sauya wa da yawa daga cikin katekin kama don jiki ya fitar da su. Mafi yawan abin da ka sha gaba yake yi zuwa babban hanji, inda bakteriyar da ke zaune can suke farfasa shi zuwa wasu ƙananan sinadarai, waɗanda su ma wani kaso nasu yake shiga jini daga baya.

Wato abin da ya isa jijiya ɗan mitsitsi ne. Yana kai ƙololuwa a jini bayan awa ɗaya zuwa biyu, daga nan ya fara raguwa, kafin gobe war haka kusan babu saura.

Ku riƙe wannan da kyau, don zai taimake ku a duk lokacin da kuka ga labari mai cewa "masana sun gano". Gwaje-gwaje da yawa a ɗakin bincike ake yinsu, a zuba EGCG kai tsaye a kan ƙwayoyin halitta a faranti. Yawan da ake zubawa sau tari ya ninka abin da ke isa jinin mai shan shayi sau goma, wani lokaci har sau ɗari. Farantin ba shi da hanji, ba shi da hanta. Abin da ya faru a cikinsa gaskiya ne, amma sai an sake gwadawa a jikin mutum kafin a ce komai.

To in ɗan kaɗan ne yake isa, me zai iya yi?

Wannan ɓangaren shi ya fi burge ni, wallahi, kuma shi ne ba a faɗa a bidiyoyin nan.

[Komawa kan shafin cikin jijiya, a matso sosai]

Shafin nan na ciki rayayye ne, yana aiki dare da rana. Yana fitar da wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙu take ɓacewa. A cikin 'yan daƙiƙun nan take gaya wa tsokar da ta zagaye jijiya cewa ta saki, sai jijiya ta buɗe, jini ya wuce a sauƙaƙe. Tana kuma hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini mannewa a bango, ta rage wa fararen ƙwayoyin jini zaƙewa wajen kutsawa ciki. Gano aikin wannan iskar ne ya sa aka bai wa Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Ƙwayar da masu ciwon ƙirji ke sawa ƙarƙashin harshe ma ta wannan hanyar take aiki.

Gwajin ɗakin bincike ya nuna EGCG yana iya zaburar da injin da ke ƙera wannan iska a cikin shafin. Ku ɗauke shi a matsayin ɗan aike. Ɗan aike ba ya buƙatar ƙarfi ko yawa, yaro ɗaya ya isa ya kai saƙo gidan mai unguwa, sauran aikin na mutanen gida ne. Katekin yana isar da saƙo, jijiya ce take yin aikin da kanta.

An kuwa gwada a jikin mutane? An gwada.

[Hannu, an ɗaura robar awon jini, likita riƙe da na'urar hoto]

Yadda ake yi shi ne a ɗaure hannu da robar awon hawan jini na minti 5, a sake. Jini sai ya kwararo da ƙarfi, lafiyayyar jijiya kuma ta buɗe don ta karɓe shi. Da na'urar hoto irin ta awon ciki ake auna yawan buɗewar. A 2008 likitoci a birnin Atina na ƙasar Girka sun yi wannan da mutum 14 masu lafiya. Wata rana a ba su koren shayi na giram 6, wata rana kafeyin zalla, wato sinadarin shayi da kofi mai hana barci, wata rana ruwan zafi. Ranar shayi jijiyar ta fi buɗewa, musamman bayan minti 30. Kafeyin da ruwan zafi ba su yi hakan ba.

Mutum 14 ba yawa ba ne, kuma na awa biyu kawai aka auna. Sai dai wasu gwaje-gwajen masu kama da shi sun nuna irin wannan alamar. Abin lura shi ne tasirin na ɗan lokaci ne, yana zuwa yana tafiya tare da sinadarin. Idan akwai amfani, a ɗabi'ar shekara da shekaru yake, irin ta tsofaffin Miyagi. Masu sayar da "shayin wanke jijiya na kwana bakwai" ba su da madogara ko kaɗan.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita ba ta ma buƙatar shayin ya shiga jini. Kafin jiki ya tsotsi kwalastaral daga hanji sai ruwan ɗaci na matsarmama ya naɗe shi cikin wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe. Katekin yana kawo cikas ga wannan naɗin, sai wani kaso ya wuce ta bayan gida. Kun ga rashin tsallakewar tasa ma ta yi rana.

[Allo: lambobi]

Nawa ne duka ribar in an auna?

Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta duba guda 11 na koren shayi da baƙi a 2013, mutum 821 gaba ɗaya. A masu koren shayi awon jini ya sauka da kamar maki 3. Su da kansu suka ce gwaje-gwajen ƙanana ne, a yi taka-tsantsan. Wani nazarin na 2011 da ya haɗa gwaji 14 ya ga jimillar kwalastaral ta ragu da kamar maki 7, LDL kuma da kamar 2, a ma'aunin da mutum zai iya samun 160. Magungunan statin da likita ke rubutawa suna iya rage LDL da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Tun a 2006 ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amince wa wani kamfanin shayi na Japan ya rubuta a kwalinsa cewa koren shayi yana rage haɗarin ciwon zuciya, ta ce hujjar ba ta kai ba.

Maki 3 ba abin rainawa ba ne in an raba shi a kan al'umma guda. Amma ga wanda awonsa ya kai 170 bisa 100, ya koma 167, har yanzu yana cikin haɗari. Wannan shi ne abin da ya sa na zauna na haɗa bidiyon nan. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya ajiye maganinsa wata biyu saboda irin wannan saƙon, sai da jiri ya kayar da shi a bakin masallaci. Allah Ya rufa asiri, ya tashi, ya koma kan maganinsa. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, kuma ba kowa ne ke tashi ba.

[Komawa majalisar ataya, ana zuba sukari]

Yauwa, masu ataya, na ce zan dawo kanku. Ku ƙirga tare da ni. Ɗaya. Biyu. Finjali cike, a wannan 'yar butar. Kuma na farko ke nan, saura na biyu da na uku.

Ina son ataya, ina son zaman da take haɗawa, babu abin da ya kai ƙamshin na'a-na'a bayan sallar isha'i. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali a tsaya a 6. Wanda ya yi zama biyu na ataya a rana, ga lemon kwalba, ga kunu da sukari, ya wuce wannan nesa. Sukarin da ya yi yawa kuwa yana kai mutum ga ƙiba da ciwon suga, su kuma suna cikin manyan masu raunana shafin da muke ta magana a kai. In aka haɗa da sigari a majalisar, an rusa fiye da abin da aka gina. A rage sukarin rabi, mako biyu harshe zai saba. Dogon tafasa kuma yana fito da kafeyin sosai, shi ya sa na farko yake hana wasu barci ya sa zuciyarsu dukan uku-uku.

Maganar madara: wani ƙaramin gwaji a Balin ta Jamus a 2007, da mata 16, ya ga madara ta dushe tasirin baƙin shayi a kan jijiya. Wasu binciken ba su ga haka ba. Shi koren dama ba a saba sa masa madara ba.

[Kwalaben ƙwayoyi da kwalayen shayin rage tumbi a kanti]

Waɗannan kuwa ina roƙonku ku yi hattara da su. Wani zai ce tunda kaɗan ne ke shiga jini, bari in sha ƙwayar da aka tattara sinadarin a ciki. Hanta ce take karɓar wannan lodin. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa shan EGCG miligiram 800 ko fiye a rana ta hanyar ƙwaya yana da alaƙa da alamun lahani a hanta, alhali shan shayin yadda aka saba ba a ga matsala a tare da shi ba. Tun 2003 Faransa da Sifen suka janye wani maganin rage ƙiba da aka yi da koren shayi saboda ciwon hanta. A ƙasashenmu da ciwon hanta nau'in B yake da yawa, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba, wannan ba wurin gwaji ba ne. Kuma yawancin kwalayen nan ba a rubuta adadin abin da ke ciki ba.

Saura biyu, da sauri.

Magani. A 2014 masu bincike a Fukushima ta Japan sun bai wa mutum 10 koren shayi kullum na mako biyu, sannan suka ba su nadolol, wani maganin hawan jini. Yawan maganin da ya shiga jininsu ya ragu da kusan kashi 85 cikin 100. Shayin ya tare masa ƙofar hanji. Ba kowane magani ne hakan ke faruwa da shi ba, amma a sha ƙwaya da ruwa, kuma mai shan maganin zuciya ko na tsinka jini ya gaya wa likitansa cewa yana shan koren shayi.

Sai ƙarancin jini. Shayi, kore ko baƙi, yana rage tsotsar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, daga wake da ganye da hatsi. Masu juna biyu da duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa su ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi.

[Hannu yana zuba ruwan zafi a kan ganye, babu sukari]

Dafa shi ba wuya. A tafasa ruwa, a sauke ya ɗan huce, a zuba a kan ganyen, minti biyu zuwa uku a tace. Ba zai yi ɗacin da zai sa ka nemi sukari ba.

[Wayar hannu, ana danna saƙon murya]

Goggo, barka da yamma, da fatan an wuni lafiya. Na duba. Bidiyon nan ba gaskiya ba ne, amma shayin ba laifi, ki sha kofi biyu ko uku a rana, ban da sukari, kuma ba dab da kwanciya ba. Maganin da aka ba ki a asibiti ki ci gaba da shansa da ruwa, ko ranar da kika ji garau. Jibi in Allah Ya kai mu zan zo da na'urar awon, mu auna da safe kafin ki karya.